Kafin ka ba da kafin alƙalami: shawara bakwai ga mai neman gida a Mafara, Bakura da Maradun

Kasuwar gidaje a yankinmu ta rabu biyu. A tsakiyar Talata Mafara, inda jama'a ke gudowa neman mafaka, ɗakin haya ma sai an yi kamun ƙafa. A bakin gari da ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, mai gida ne ke bin mai saye yana roƙon a taya. Ga tsadar rayuwa ta zo ta ƙara nata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Magidanci da yawa sun sa fili ko gida a kasuwa don tukunya ta hau murhu. Shi ya sa duk wanda ke da 'yan canji a hannu yanzu yake jin hularsa ta ƙara tsawo. To, Malam, gyara zaman hularka, ga shawara bakwai.

Ta farko: tambayi dalilin arahar

Dillali zai tare ka da fara'a ya ce, "Alhaji, wannan gida rabonka ne, wallahi mutum uku na bin sa." Ka gode masa, amma ka tuna la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. Bayan kun rabu, ka koma unguwar kai kaɗai, ka zauna teburin mai shayi, ka sayi kofi guda, ka yi shiru. Kafin shayin ya huce za ka ji wanda ya gina gidan, da wanda ya tashi daga cikinsa, da daren da ya tashi. Sannan ka tsaya ka yi sallar isha'i a masallacin unguwa ka dubi sahu. In liman da ladan ne kaɗai, ƙofofin maƙwabta kuma duk kwaɗo ne a rataye, to ka sami amsarka. Gidan da za ka kwana cikinsa ido biyu, takalmi a ƙafa, ya yi tsada ko da kyauta aka ba ka.

Ta biyu: je ka gan shi a watan Agusta

Da rani kowane gida mutumin kirki ne. Dillali zai rantse maka mota na zuwa har ƙofar zaure, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka cewa da damina kwalekwale ma na iya zuwa ba. Ƙasarmu ƙasar fadama ce. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta, ga madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, wadda ke shayar da gonakin shinkafa daga Mafara har Bakura. Albarkar manomi ce, amma mai gini a kwari sai ya yi hattara. Ka tafi da maginin da ka amince da shi. Ku duƙa ku dubi gindin katanga: in an yi sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa, sama kuma tsoho ne, ruwa ya taɓa kawo ziyara kuma ya san hanya. Ku shiga ɗaki da tsakar rana ku rufe ƙofa ku ɗaga kai. In kun ga taurari a jikin kwano, ku fara lissafin bandir. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba ranar ciniki yake faɗa ba.

Ta uku: ƙirga magada

Yawancin gidajen da ake sayarwa da gaggawa na gado ne. Wanda ya kawo ka zai ce shi ne babba, kowa ya yarda. Ka biya, ka yi fenti, ka dasa darbejiya a ƙofar gida, sai ga wani yaya da ya yi shekara da shekaru a Kurmi ya sauko daga mota da jakarsa yana tambayar wa ya taɓa ɗakin gyatumarsa. Shari'a kuwa tana iya tsaya masa, domin a mazhabar Malikiyya wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu. Ka tabbatar an ji ta bakin kowa, musamman mata da marayu, waɗanda aka fi danne wa haƙƙi in an zo sayarwa.

Ta huɗu: takarda ta fi rantsuwa

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin filayen karkara. Ma'ana, "kowa ya san gidanmu ne tun kaka da kakanni" ba ta isa hujja ranar da aka zo faɗaɗa titi. Mutanen wannan yanki sun san zafin maganar ƙasa da diyya tun rikicin Bakolori na 1980, lokacin da manoma suka rasa rayuka wajen neman haƙƙinsu. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu, hakimi ya sa hannu, a auna iyaka da maƙwabta suna tsaye. In an ce akwai takardar mallaka ta gwamnati, ka kai ta hukumar ZAGIS mai kula da takardun filaye a Gusau a duba. Kuɗin motar Gusau bai kai kuɗin lauya ba.

Ta biyar: farashin gida daban, kuɗin zama daban

Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, rodi da kwano suka rufa masa baya. Tsohon gida mai araha kamar ramammen doki ne: sayensa sauƙi, ciyar da shi ne aiki. Ka zauna da biro ka rubuta gyaran masai, da ƙofofi, da katangar da akuyar maƙwabci ta riga ta mayar hanya. Ka tambaya ko akwai rijiya, ko kuwa kullum sai ɗan garuwa. Ka lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwar Talata, da makarantar yara, da asibiti, sau talatin a wata. Sau da yawa abin da ka rage a ciniki, hanya ce za ta cinye shi cikin shekara guda.

Ta shida: kada ka taɓa rumbu

Akwai mai sayar da geron shekara da shanun huɗa don a ce ya yi gida. Ranar tarewa ana guɗa, bayan sati uwargida ta miƙo kwanon awo, sai ya kama nuna mata kyawun silin. Yara ba sa cin bulo. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya san inda wata ke tsinkewa. Ka ware abincin gida na wata shida, da jarin sana'arka, da ɗan abin asibiti, abin da ya saura shi ne kuɗin gidanka. Bashin ruwa kuwa ka yi nesa da shi: ga haramci, ga shi Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. In kuɗin bai kai ba, sayi fili, shiga adashi, ka riƙa ajiye bulo ɗari-ɗari. Haya ba abin kunya ba ce.

Ta bakwai: yi ciniki da tsoron Allah, ka kuma rage shela

A nan raha ta ƙare. Wani mai sayarwar kuɗin fansar ɗansa yake haɗawa, wani kuma gudun hijira ne ya raba shi da gidan da aka haife shi. In ka ga idon mutum ya faɗa, ka taya ya ce "na sallama" tun kafin ka rufe baki, ka sani matsuwa ce ke magana. Ka ba shi abin da ya yi kusa da darajar gidansa, ka kuma ba iyalinsa lokacin kwashe kaya cikin mutunci. Biyan kuɗi ta banki, gaban shaidu. Walima kuma a yi ta daidai wa daida, a kira malamai su yi addu'a, a raba wa maƙwabta waina, domin a zamanin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba kowane mai cewa "Allah sanya alheri" ne masoyi ba.

Mai karatu, gidan da ya dace da kai shi ne wanda ka biya ba tare da ka zalunci kowa ba, ka shiga da takarda a hannu da hatsi a rumbu. In ba ka sami irinsa bana ba, riƙe kuɗinka ka jira baɗi. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.