Ranar da Aka Cinye Min Darasi

Littafin lissafi ya ce hanya mafi sauƙi ta koyar da desimal ita ce kuɗi. Wanda ya rubuta haka bai taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Wudil ba. Na rubuta ₦2.50 a allo, na ce tun 1973 da aka bar fam da sule, kwabo 100 ne naira ɗaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, me ake saye da kwabo?"

Na ce a da har ƙosai yana saye. Ta ce, "Allah ya jiƙan kwabo." Aji ya amsa da amin.

Sai na koma kan shanu, tunda a garin nan ko jinjiri ya san ran Juma'a kasuwar shanu ta Kara take ci. Na ce a ɗauka an taya sa naira miliyan 1.25. Ɗan wani dillali ya yi caraf daga baya ya ce, "Albarka!" Wai sai na faɗi ko bunaji ne ko bokolo, sannan la'ada a gaban ɗigo take ko a bayansa.

Da muka zo zanen rabon da'ira, sai na yi dabara irin ta ƙwararru. Na sayo gurasa babba a tasha, na ɗora a faifai, na ɗauko wuƙa da furotirakta. Da'ira digiri 360 ce. Na ƙirƙiro musu kasuwa: shanu 0.5, tumaki 0.25, awaki 0.2, raƙuma 0.05. Layin farko shanu, digiri 180, rabin gurasa cur. Na biyu 90, na uku 72. Layin ƙarshe, inda ƙartin aji suke zama, suka tashi da digiri 18, ɗan siririn yanki da iskar taga ke neman ɗaukewa.

Nan fa aji ya kaure. Yaran da jiya suka rantse min 0.05 ya fi 0.5 saboda ya fi tsawo, yau ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Raƙuma suka miƙe suna cewa zalunci ne, ina aka taɓa ganin akuya ta fi raƙumi rabo? Shanu kuwa suka ce kowa ya rungumi ƙaddara.

Wani mai zuwa Islamiyya ya ce, "Malam, ai wannan rabon gado ne." Na ji daɗi, na ce madalla: rubu'i 0.25, sumuni 0.125. Ya ce to sudusin uwa fa? Na juya ga allo na raba 1 da 6. Ya ba ni 0.1666, na ci gaba, shida na bin shida har na kai bakin allo, alli ya kusa ƙarewa. Na ce musu wannan ba ya da ƙarshe.

"Malam, ke nan tsohuwar nan za ta rasu ba ta karɓi gadonta ba?"

Ina neman amsa sai ga shugaban makaranta da baƙo, yana ce masa ga malamin da ke koyarwa da kayan gani da ido. Na juyo da fara'a na nuna faifai. Wayam. Shanu suna goge baki, raƙuma suna kallon silin.

Baƙon ya tambayi monita me suka koya yau. Yaron ya haɗiye abin da ke bakinsa tukuna, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, da farko 1.0 ce, yanzu saura 0.0." Mutumin ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a takardarsa.

A jarrabawar ƙarshen zango, duk 'yan layin ƙarshe sun ci tambayar digiri 18, amma ba wanda ya biya ni kuɗin gurasata. Malam ɗan'uwa, in za ka gwada wannan dabara, ka yanka kwali. In kuwa lallai sai gurasa, ka sayo biyu, ka kulle ɗaya a ofis.