Wasiƙa daga Ingila a kan Dukiyar da ta Fi Ƙarfin Aljihu

Zuwa ga Kawu da Inna da sauran mutanen gida a Yelwan Yawuri.

Marubucin wannan wasiƙa, mazaunin birnin Hull da ke bakin kogin Humber, ya ga ya dace ya yi cikakken bayani a kan jinkirin kuɗin injin kwalekwalen da Kawu ya nema, domin kada a ɗauka rowa ce, alhali matsalar ta ilimin tattalin arziki ce.

Dukiyar marubucin ta kasu gida biyu, akwai wadda ke wucewa hannun mai gidan haya tun kafin su gaisa, akwai kuma sulalla, wato canjin ƙarfe da ake samowa daga kanti, wanda yake tarawa a gwangwanin madara. Akasarinsu peni ne, kashi ɗaya cikin ɗari na fam, kuma da yake kowanne yana da nauyin giram 3.56, fam ashirin na irinsu ya haura kilo bakwai, don haka talaka a nan ya fi attajiri nauyin kaya. Dokar ƙasar ba ta tilasta wa mai bin bashi karɓar fiye da peni 20 na jajayen sulalla irin su peni ba, saboda haka banki ne kaɗai makomarsu.

Shi kuwa banki yana da ƙa'idarsa. Sai an ware kowane iri daban an zuba a 'yan ledojin da yake bayarwa, fam ɗaya na jajaye a leda guda, fam biyar na masu peni 5 ko 10, sannan ma'aikaciya ta ɗora a sikeli kamar mai awon busasshen kifi a kasuwar Yawuri, ledar da ba ta cika ba kuwa a dawo wa mai ita da ita cikin ladabi.

A nan ne sadaka ke shigowa. Ragowar da banki ya ƙi, marubucin yakan jefa ta a wani asusu mai siffar jirgin ruwa da ake ajiyewa a kantuna, mallakar RNLI, ƙungiyar ceton masu nutsewa da aka kafa a 1824, wadda ke gudana da taimakon jama'a, kuma akasarin matuƙanta 'yan sa-kai ne. Ta haka jikan Sarkawa, wanda ya gaza sayen inji guda, ya shiga sahun masu ɗaukar nauyin jiragen Turawa, lamarin da ya kamata Inna ta sanar a unguwa.

Ban da raha, duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da rayukan da suka salwanta a ranar, zai so ganin irin wannan asusu a kowane mashigi na tafkin Kainji, ko don sayen rigunan kariya daga nutsewa. Sai dai sulallan naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 ko almajiri ba ya karɓarsu, don haka takarda za a riƙa zubawa, a kuma damƙa mabuɗin ga limami.

Game da injin, ana roƙon Kawu ya ƙara haƙuri ya riƙe filafilinsa da kyau, domin gwangwanin bai kai rabi ba tukuna. A gaida kowa da kowa.

Wassalam.