Lasifikar Kawu da Kayan Kicin ɗin Inna

Tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da irin lasifikar da duniya ke amfani da ita har yau, takarda ce ke ɗauke da aikin. Maganaɗisu a baya, naɗin siririyar wayar tagulla a tsakiya, sai takarda mai siffar mazurari a gaba, tana kaɗa iska ta zama sauti. Shekara ɗari ana tafiya a haka, babu wanda ya yi ƙorafi a unguwarmu sai Kawu.

Kawu ɗan fansho ne, abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa shi ne saitin kaset da ya sayo a Sabon Gari tun zamanin Shagari, da tulin kaset-kaset na Mamman Shata. Ranar da ɓera ya cinye takardar lasifika ɗaya, mai gyara ya ce a kawo ya liƙa sabuwa. Kawu ya ce sam, ai takardar ce ta gayyato ɓeran. Ni kuwa aka naɗa ni mai riƙe tocila.

Ba da ka Kawu ya shiga aikin ba, ya yi bincikensa. Ya gano cewa injiniyoyin BBC sun daɗe da gwada roba a madadin takarda, har suka kai ga wata da ake kira folifurofilin, kuma da ita ake yin yawancin bokitai da kujerun biki. Ya dubi bokitin wankan yara, ya ce in miƙo wuƙa.

Abin da binciken bai gaya masa ba shi ne kauri. Robar lasifika siririya ce, ba ta da nauyi, gindin bokiti kuwa an yi shi ne don ɗaukar ruwa. Aka ƙure murya har ƙarshe, naɗin waya na ta fama da lodin da ya fi ƙarfinsa, Shata na fitowa kamar yana waƙa daga ƙasan rijiya. Kalangu kam ya ɓace ɗungurungum.

"Nauyi ne matsalar, ɗana," in ji Kawu. "A nemo alminiyam."

Nan ma yana da hujja, don manyan kamfanoni na yin mazurarin alminiyam, ga tauri ga rashin nauyi. Sai dai ƙarfe in an buge shi ba ya yin shiru nan take, shi ya sa masu ƙera shi ke shan wahalar danne wannan amon. Kawu bai danne komai ba. Duk bugun kalangu sai ya bar wani ƙarrr yana yawo a tsakar gida, kaji na neman mafita.

Inna ta yini tana cigiyar murfin tukunyar miyarta. Ta tuhumi yara, ta tuhumi almajirin gida. Da magariba ta tsaya ƙofar falo, ta karkata kai, ta saurara.

"Malam, wannan ba murfina ne ke amshi ba?"

"Hajiya, ilmi ake yi."

"To a yi ilmin, amma yau miya a buɗe za ta kwana."

Daga nan Kawu ya ji labarin Bowers & Wilkins na Ingila, waɗanda tun wajen 1974 suka fara amfani da Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a 1965, wanda ake saka rigar kare harsashi da shi. Da babu Kevlar a kasuwar Kurmi, Kawu ya yanke shawarar cewa abin da ya dace da kiɗan kalangu shi ne fatar kalangu. Ya samo fatar akuya wajen wani makaɗi, ya ɗame ta, ya liƙa. Yinin farko har maƙwabta sun yaba. Sai aka kwana ana ruwa, fata ta sha sanyi ta saki, ta ja naɗin waya gefe. Sararin da naɗin ke kai-komo a ciki bai kai milimita ɗaya ba ta kowane ɓangare, don haka ya yi ta gogar ƙarfe har ya ƙone. Inna ta ruga kicin a guje, ta ɗauka tuwo ne ya kama.

Mai gyara ya juya gawar lasifikar, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Baba, abu uku ake nema: rashin nauyi, tauri, da saurin yin shiru. Bokiti ya faɗi a na farko, fata a na biyu, murfi a na uku. Takarda ce ke da rabo a kowanne." Ya ƙara da cewa Yamaha NS-10 ta 1978, wadda ta cika ɗakunan naɗar waƙa na duniya, farar takarda ce a gabanta. Ya sake naɗi, ya liƙa takarda, ya karɓi ninkin kuɗin da ya faɗa da farko.

Da nan maganar ta tsaya da an huta. Sai yaron shagon ya sa baki, ya ce ai a 2003 kamfanin JVC na Japan ya fitar da lasifikar katako, bayan injiniyoyinsa sun gano cewa jiƙa katakon a giyar shinkafa na hana shi tsagewa wajen lanƙwasawa. Kawu ya ce giya dai haramun ce, amma tsami ai tsami ne. Yanzu haka akwai ƙwarya jiƙe cikin ruwan tsamiya a bayan ɗakinsa, Inna kuwa ta sayo kwaɗo ta garƙame kicin, makullin na ɗaure a bakin zanenta.