Yadda Za Ka Ɗebi Zuma a Shehuri, Unguwa Ba Ta Watse Ba

Da farko ka yi sallama da turare na yini guda. Na san wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutumin Maiduguri, inda riga ba ta fita sai an turara ta, amma ƙudan zuma ba ya shiri da ƙamshi mai ƙarfi. Ka doshi amya da humra a jikinka, sai su fito kwansu da kwarkwatarsu su tarbe ka.

Babbar riga ma ka ninke ta, ƙofofinta sun yi yawa. Ƙuda ɗaya ya shige ta hammata, za ka yi rawar da ko a ƙofar fadar Shehu ranar hawan salla ba a taɓa ganin irinta ba. Sa fararen kaya, ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka rufe fuska da raga. Hularka zanna bukar ta jira ka a ɗaki.

Sai maƙwabta. A Shehuri katanga jikin katanga take, don haka tun da rana ka leƙa zaure ka ce, "Baba Alhaji, yau bayan magariba a shigar da yara, a ɗaure akuya nesa." Ka haɗa da alkawarin kwalba ɗaya. In amyarka ta wuce ɗaya, gona ce wurinsu. Kuma a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ajiye wa ƙudan zuman kwanon ruwa da tsakuwa a ciki, in ba haka ba randar Hajiya za su mayar rijiyarsu.

Hayaƙi shi ne sallamarka. Busasshen kashin shanu ya wadatar, hayaƙi mai sanyi, kaɗan kaɗan. Suna jin sa sai su duƙufa shan zuma, cikinsu ya cika, faɗa ya ragu. Ban yarda da dambun wutar da ake cusawa cikin amya ba, yana toya ma'aikata da 'ya'ya, ya bar ƙauri a zumar.

Ɗaga saƙa a hankali ka duba ta. Wadda aka liƙe bakinta da farin kaki ita ce nunanniya. Buɗaɗɗiya ruwa ne a cikinta, za ta yi tsami a kwalba. Mai ɗauke da 'ya'ya ka mayar da ita inda take, ka kuma bar musu abincin gobe, tunda ma'aikaciya sati 6 kacal take yi a duniya lokacin aiki, duk tana hidimar amya.

In an harbe ka, kankare ƙarin da farce, ka busa hayaƙi a wurin, don warinsa kiran 'yan'uwa ne. Wanda numfashinsa ya sarƙe, asibiti kai tsaye.

Ka matse nunanniyar saƙar, ka tace da farin ƙyalle, kada ka ɗora a wuta. In ka ji ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, furen dogon yaron da ya cika titunan garin ne. Kwalbar farko ta Baba Alhaji ce, yana zaure yana jira.