Guzurin Alhaji, Rabon Gari

Mutumin Zakka ba ya sanin yawan danginsa sai ranar da aka ji ya biya kujerar Makka. Ɗan ƙanwar kishiyar kakarsa zai taso daga Runka, wata gwaggo daga Batsari, wani abokin wasa daga Dutsin-Ma, kowa da addu'a a baki da saƙo a bayanta. "Kawu, Allah shi kai ka lahiya. Jallabiya hwa, mai ruwan ƙasa." Ba mai tambayar nawa Kawu zai riƙe a can.

To ga abin da zai riƙe. A 2025 kujera ta haura naira miliyan 8, guzurin da hukumar alhazai ta ƙasa ta tsayar kuwa dala 500 ne. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ba ya motsi, ke nan riyal 1,875 cif. A cire hadaya, wadda ta haura riyal 700, in gwamnatin jiha ba ta ɗauke masa ba. Ragowar ita za ta yi masa wata guda da ɗoriya, ita ce kuma za ta tufatar da rabin gari.

Jirgi na sauka ciwon lissafi ke kama shi. Mutumin da a gida yaransa ke duba masa lambar waya, yanzu ninka komai yake da ɗari huɗu a ka, ba kuskure. A ce masa shayi riyal biyu, sai ya ja da baya.

"Ɗari takwas? Ruwan zahi? Bar shi, ɗan nan, akwai Zamzam."

Zamzam kam ta ga alhazanmu. Ita ce karin kumallo, ita ce maganin kwantar da yunwar la'asar, da ita ake jiƙa garin kwakin da aka ɓoye cikin zanin Hajiya tare da ƙuli da yaji. Abincin da hukuma ke rabawa a masauki ana karɓa, a yi masa tsegumi, a cinye tas. In ya bi ta gaban Albaik ya ga layin masu sayen kaza, sai ya rage sauri, ya shaƙi rabonsa, ya ce ai shi dama maiƙo ba ya yi masa. Tasi kuwa bai san da ita ba. Daga Misfala zuwa Harami a ƙafa, cikin ranar da ke narka silifa, yana gaya wa abokin tafiya cewa kowane taku lada ne. Gaskiya ne, amma ni dai ban taɓa ganin wa'azin nan ya taso ba ranar da motar kyauta ta tsaya a ƙofar masauki. Aski ma ba a kai wa wanzamin Larabawa: ka yi mini, in yi maka, kowa ya fito da ƙwarzane.

Duk wannan maƙon ba don kansa yake yi ba, abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutumin da ya hana cikinsa shayi shi ne zai shiga kanti ya ce a ƙirgo carbi dozin biyar. Larabcinsa bai wuce "kam haza" ba, bai ma buƙatar ƙari, don mai kantin da Hausa zai tare shi: "Alhaji, zo, araha!" Darduma, huluna, kwalli, zobban yara, agogon da zai tsaya kafin a iso Katsina. A juya bayan kwalin a ga daga Sin aka kawo, irin wanda ke jibge a kasuwannin Kano. Wasu masu wayon sun gano haka, sai sun dawo suke ratsawa Kantin Kwari su cika jaka, albarkar dai ba a rubuce take a jikin yadi ba.

Ranar awon kaya ake ganin ƙarshen dabara. Jaka ta yi nauyi, Alhaji ya zura jallabiya uku a jiki, ya ɗora hula kan hula, Hajiya ta yi ɗamara da darduma a ƙarƙashin hijabi tana tafiya da ƙyar. In da sauran canji, a sa haƙorin Makka, don kada a dawo a riƙa yi wa mutum musu.

A gida kuma lita 5 ta Zamzam sai ta zagaye gari, ana tsiyaya ana ƙara ruwan randa har sati biyu. Mai jallabiya ya karɓa ya ɗaga ta sama: "Kawu, ai mai ruwan ƙasa na ce." Gwaggo ta ƙirga dabinonta ta leƙa na kishiyarta. Wanda ya sami carbi kaɗai ya daina gaisuwa sai daga nesa.

Masu zuwa sannu da zuwa su dube shi, wuya ya yi tsawo, hula na yawo a ka. "Alhaji, ka rame."

"Ibada ce," in ji shi, yana miƙa kwano a ƙaro tuwo.