Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Fiyus na Taraktar Lambu

Masu ƙananan taraktocin lambu, wato motocin da ake hawa domin yankan ciyawa da jan ƙaramar garma, irin samfurin 110 da kamfanin John Deere na Amurka ya fitar a 1963, suna gabatar da kokensu ga Mai Girma Fiyus, sarkin gadin wayoyin tarakta.

Masu koken sun san aikin Mai Girma, kuma ba sa raina shi. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka rufe cikin roba, aka dasa shi a kan hanyar wutar da ke fitowa daga batir mai bolt 12, kuma an auna kaurinsa yadda duk lokacin da wutar da ke wucewa ta zarce adadin amfiyar da aka rubuta a kansa, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, sai ya narke ya yanke hanya kafin wayoyi su yi zafi su kama da wuta. Wannan sadaukarwa ce da ta cancanci yabo.

Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda Mai Girma yake rasuwa ba tare da ya bar wasiyya ba, alhali shi kaɗai ne ya ga mai laifi ido da ido. Mai tarakta yakan murɗa makulli ya ji shiru, ya zaro Mai Girma ya ɗaga shi zuwa haske, ya tarar da ƙarfen tsakiya ya rabu biyu, robar kuma ta yi baƙi, amma babu ko alama ta wanda ya yi wannan aika-aika. Waɗanda ake zargi kuwa suna da yawa: akwai wayar da girgizar inji ta goge rigarta har tagullar ciki ta taɓa ƙarfen jikin tarakta, wuta ta sami gajeriyar hanyar komawa batir, akwai ɓerayen da kan yi sheƙa a cikin inji lokacin hunturu su gaigaye wayoyi, akwai kuma kulocin lantarki da ke haɗa inji da wuƙaƙen yanka, wanda naɗaɗɗiyar wayar cikinsa kan lalace ta riƙa zuƙar wuta fiye da kima.

Saboda wannan shiru, dole masu koken suka koma aikin 'yan sanda. Sun lura cewa idan Mai Girma ya ƙone da zarar an kunna wuƙaƙe, to kuloci ne abin tuhuma na farko, idan kuwa sai an hau gargada yake ƙonewa, to a nemi wayar da ke gogar ƙarfe. Sun kuma koyi jona ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbinsa, domin muddin gajeriyar hanyar nan tana nan ƙwan zai haska sosai, sai a riƙa cire mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma mahaɗin da aka cire hasken ya dushe, a reshensa ɓarnar take.

Ana kuma sanar da Mai Girma cewa wasu marasa haƙuri sun fara yi masa juyin mulki, ko dai su sa wanda ya fi shi ƙarfi, ko su cusa guntun waya ko takardar azurfa a kujerarsa. Masu koken sun barranta daga wannan ɗabi'a, tunda launin rigar kowane fiyus shi ne shaidar muƙaminsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa kore a gurbin rawaya ya ba wayoyi izinin ƙonewa a madadin fiyus, garin gyaran gira ya rasa ido.

Buƙatar masu koken guda ce, Mai Girma ya riƙa ambaton sunan mai laifi kafin ya cika. Kafin a biya musu wannan buƙata, sun yanke shawarar ba za su naɗa magaji ba sai an kama wanda ya kashe na farko, domin sun gaji da jana'iza biyu a yini ɗaya.

Wassalam, daga masu taraktocin da suka ƙi tashi.