Masu Zuwa Jin Kukuma a Falo

Turawa suna da wani kiɗa da suke kira na ɗaki: mutum huɗu da gogunansu, manya da ƙanana, a gaban jama'ar da zaure ɗaya zai ɗauke. Josef Haidin na Ostiriya, wanda ya rasu a 1809, ya tsara irinsa fiye da sittin. Ƙa'idar zaman shiru ce, ko tari ya taso maka sai ka danne har makaɗa su kai aya. Mu ma muna da namu, don kukuma da gurmi da garaya da kuntigi ba su da muryar cika fili. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. In babu lasifika kuma ka ja baya taku ashirin, sai dai ka ga yatsa na motsi. Saboda haka a ce hunturu ya shigo, masu son kiɗan gargajiya suka shirya haɗuwa duk mako a falon wani babban gida a GRA ta Katsina, abin tambaya ba wa zai kaɗa ba ne kawai, har da wa zai zauna. A ƙaramin ɗaki mai sauraro ma kayan kiɗa ne, kuma ra'ayina shi ne yawancin waɗanda ake kuka da su, kiɗan ba ya tashi sai da su.

A fara da Alhajin Liƙi. Tun da rana ya aika an yi masa canjin sababbin takardu. Ba ya tashi sai waƙa ta yi daɗi, sannan ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga, ya tsaya ƙiƙam tsakanin makaɗi da jama'a, har na baya ba sa ganin komai sai aikin wuyan rigarsa. Ɗaya bayan ɗaya yake manna su a goshin mai kukuma, yana jinkiri tsakanin takarda da takarda kamar mai ba mara lafiya magani. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi da naira, har da tarar dubu hamsin ko ɗaurin wata shida, kuma Alhaji ya sani, wataƙila ma ya taɓa yin jawabi a kai. Abin da yake saye shi ne sunansa da na mahaifinsa da na garinsu a bakin mawaƙi. Ana cewa yana karkatar da waƙa, kuma gaskiya ne. To amma waƙar Hausa da ma a karkace take zuwa ga wanda ke gabanta. Mamman Shata bai zauna da biro ya rubuta yabon mutanensa ba; ido yake ɗagawa ya ga mutum, kalangu na tafiya, baiti ya fito. Cire Alhajin Liƙi daga tarihi, rabin kaset ɗin da muke tinƙaho da su sai su zama wayam.

Kusa da shi akwai Magajin Shata, tsohon babban sakatare mai ritaya, wanda a wurinsa kiɗa ya rasu a 1999 kuma a Daura aka binne shi. Ya san Musawa ce mahaifar Shata, ya san Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma zai gaya maka duka biyun a tsakiyar waƙar wani. Duk baitin da saurayin makaɗi ya kawo, sai ya girgiza kai ya raɗa wa na kusa: “Yaron yana ƙoƙari, amma ina!” Raɗarsa kuwa har kicin ana ji. Shi ma yana da rana. Makaɗin da ya san akwai kunne irin wannan a layin gaba ba zai kawo danƙon ƙarya ba, zai shafa wa izgarsa ƙaro da kyau ya gyara zama.

Ɗan Amshin Sa-kai bai san waƙar ba, amshin kawai ya riƙe, shi ma yana isowa bayan kowa ya wuce. Sai Mai Saƙo, wanda ke shigowa bayan isha'i da hula a kan gira, ya zauna bakin ƙofa, ya sanar da duk wanda ya dube shi cewa wajen maigida ya zo da wata 'yar magana. Awa uku maganar ba ta fito ba, babban yatsan ƙafarsa kuwa bai kuskure bugu ko ɗaya ba a ƙarƙashin jallabiya. Ta ɓangaren Hajiyoyi hira ce ta leshi da bikin jibi, kukuma tana can tana ta kanta, har sai wata ta kifa ƙwarya a ruwa an tuno Barmani Coge ta Funtuwa, nan take kowa zai gane su wa suka fi kowa sanin kiɗa a gidan.

Mai suka na gaske shi ne Yallaɓai Shiii, wanda ya taɓa zama a zauren kiɗa a Landan bai kuma warke ba. Yana so a fara ƙarfe takwas daidai, a raba takardar jerin waƙoƙi, a tafa a ƙarshe kawai. Maganarsa ba ta banza ba ce: kukuma siririyar murya gare ta, cokali ya buga faranti ma sai ya ci mata baiti. Inda ya kuskure shi ne zaton shiru da sauraro abu ɗaya ne. Kiɗan Haidin a rubuce yake, ko an tafa ko ba a tafa ba haka zai fito. Namu ana gina shi ne a wurin, da amshi da guɗa da “Gaishe ka!” daga bayan ɗaki. Mawaƙin da aka zuba wa ido tsit zai ɗauka an yi rasuwa a gidan ba a gaya masa ba. Kuma in shiru ne ma'auni, ai babu wanda ya kai Mai Barci, wanda ya cika ciki da tuwon shinkafa, sanyin na'ura ya kwashe shi, ba ya farkawa sai tafi ya tashe shi ya taya da ƙarfi fiye da kowa.

Za a ce to kenan kowa ya yi abin da ya ga dama. A'a, akwai mutum ɗaya da ban samo masa uzuri ba, shi ne Mai Ɗaga Waya. Ba ya liƙi, ba ya amshi, ba ya ko suka. Makaɗi na gabansa taku uku, shi kuwa yana kallonsa a gilashi mai faɗin tafin hannu, yana zabga masa fitila a ido, don mutanen WhatsApp su san ya je. Sauran duk suna mayar wa makaɗi da wani abu, ko kuɗi ko murya ko harara. Wannan ɗiba kawai yake yi, abin da ya ɗiba kuma zai goge shi ranar da waya ta ce ta cika.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba. Bayan taga, ƙarƙashin itacen bedi, direbobi da maigadi da yaron da ya kawo lemo sun jeru a kan benci, sun rufa da mayafi saboda sanyi. Ba su da abin liƙi, ba a kuma ba su kujera ba, amma su ne ke cewa “Ash!” daidai inda tsirkiya ta karya murya. Mai kukuma ya san da su. Duk sa'ad da ya zo wurin da ya fi ji da shi a waƙar, sai ya ɗan juya kafaɗa wajen tagar, Alhajin Liƙi kuma ya matsa ya bi goshin da wata sabuwar ɗari biyar.